Shekarar da Na Rage Itatuwan Lambu

Umra ce ta kawo ni Jidda, ban koma ba. Na samu aiki a wani lambu kudu da Waziriyya, inda gidaje suka ƙare sai yashi. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama, don haka mai lambun, wani Balarabe ɗan kasuwa, ya ce kada in leƙa titi, ana tare mutane ana duba takardu. Ɗakina a jikin katanga yake. Ko burodi sai direbansa ya kawo mini.

A bayan lambun an dasa wasu itatuwa masu siririn ganye kamar allura, don su tare iska. A cunkushe aka dasa su, mutum ba ya iya ratsawa. Da suka ɗara tsayina sai suka daina girma, ganyensu ya koma rawaya. Na ƙara musu ruwa, ba abin da ya canza.

Mai lambun ya kawo wani injiniyan gona, Bahaushe haifaffen unguwar Sa'alaba a nan Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya tona ƙasar da hannu ya murza.

"Baba, sun yi yawa," in ji shi. "Ƙasar ba za ta iya ciyar da su duka ba. Lazim a rage."

Ya bi layi yana shafa jan fenti a jikin waɗanda za a sare. Ya ce kada in kwashe rassan da ganyen, in bar su su ruɓe a gindin sauran, abincin da suka zuƙa ya koma ƙasa.

Ni kaɗai na yi saran, ƙaro duk ya manne mini a hannu. Ina cikin aikin ƙanwata ta kira daga gida, ta ce Inna ba ta iya tashi, kullum ni take tambaya. Na gaya wa mai lambun ina so in miƙa kaina ga hukuma a mayar da ni gida.

"Kalas, na ji, ka gama wannan tukuna," ya ce.

Da na gama, ya ce sai ya samu wanda zai maye gurbina. Ƙofar lambun ba a kulle take ba. Na sha zuwa bakinta in tsaya, sai in tuna idan na fita ba dawowa, ga yarana da aikin nan suke ci. Sai in juya.

Da sanyi ya shigo, ƙasar gindin itatuwan ta yi duhu ta yi laushi, sabon tsiro kore ya fito a kan rassa. A lokacin ne Inna ta rasu. Ina riƙe da tiyon ruwa aka gaya mini.

Ba wanda ya zo mini gaisuwa sai injiniyan. Ya kawo shinkafa da nama daga gidansu, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ya yi mata addu'a. Ya tambaye ni wace irin mace ce, na yi ta ba shi labarinta har aka kira la'asar.