Takardar da na ɓoye a takalmi

Kwana uku takardar hedimasta tana cikin takalmina. Ina aji biyar a Samaru, ban iya karatu ba, na ɗauka korata aka yi.

Da abin ya ishe ni, na kai wa maƙwabciyarmu Malama Saratu. Tana karantawa ta dafe kai.

"Ke Ladidi! Lesin kyauta gwamnati ta buɗe wa irinku, yau ake rufe rubuta suna!"

Ba takalmi na ruga makaranta. Na iske hedimasta da kwaɗo a hannu zai kulle ofis. Ya harare ni, ya sake buɗe ƙofar.

Har yau in 'yata ta dawo shiru, takalminta nake fara dubawa. Ku a ina kuka ɓoye taku?