Mai Gashin Alade a Hanyar Carcar

Nenita ta fito daga makokin aminiyarta Rosenda. Ba a zarcewa gida kai tsaye, don kada mamaci ya biyo mutum, shi ya sa take tsaye a wata rumfar gasasshen alade.

Mai rumfar tsoho ne ramamme, farcensa baƙi ƙirin. Tsumman share guminsa shi ne na goge wuƙa. Ƙudaje sun lulluɓe naman, irin wanda Rosenda ta ci ta kwanta, ba ta tashi ba. Ba ya korarsu. Wataƙila shi ma ya binne nasa mamacin.

Yana yanka nama cikin ganyen ayaba.

"Manong," ta kira shi yadda ake kiran dattijo a nan, "ban ce zan saya ba."

"Ba naki ba ne, Inday," ya ce, yadda ake kiran 'ya mace. Idonsa na bayan kafaɗarta. "Ita ke jin yunwa. Bar min ita nan, ki tafi. Kada ki waiwaya."