Gishirin Maman Debby

Duk wanda ya zauna a layin bayan kasuwar Makera ya san ƙamshin miyar Maman Debby, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Sunanta na baftisma Damaris, amma in ka tambaya da wannan suna sai ka gaji da yawo. Daga wani ƙauye kusa da Kagoro aka kawo ta tana amarya, da tukunyar ƙasa da ƙullin acca, lokacin mijinta Albert yana aikin masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta rufe ya samu gadi a wani kamfani a Kudenda, ita kuwa ta ci gaba da abin da ta fi iyawa, wato tsayuwa a gaban murhu tana ba tukunya umarni.

A ƙauye uwarta da daddawa da ruwan toka take miya. Sai a birni Damaris ta haɗu da dunƙule, kuma jininsu ya haɗu nan take. Ba ta san awon cokali ba. Ta dumbuzo gishiri da hannu, ta watsa, ta murmushe dunƙule har sai takardunsa sun taru a gefen murhu, ta juya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ɗaga kai sama kamar mai sauraron wa'azi, sannan ta ƙara. Kullum sai ta ƙara. Da wannan hannu ta zama mai babbar tukunya a Zumuntar Mata na cocinsu. Biki ne, ranar Godiya ce, Kirsimeti ce, ba a ɗora dafa-duka sai Maman Debby ta iso ta ɗaura zani. Tana jin daɗin wannan matsayi ƙwarai, kuma ba ta ɓoyewa.

Ana nan, wata rana jiri ya kwashi Albert a bakin ƙofar kamfani. Abokan aiki suka kai shi asibiti, aka kira ta. Ta zo da gudu, takalmi wari da wari. Wata nas ta zaunar da ita ta ce jininsa ya hau sosai, ga magani zai riƙa sha, amma rabin aikin yana hannunta.

"Mama, gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya yi ta hawa. Dunƙulen nan ma gishiri ne aka naɗe a takarda. Kanwa ma ki ja baya da ita."

Nan take Damaris ta tuna da abin da ta taɓa gani. Wan Albert, marigayi Bitrus, hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, ya yi shekaru a kwance a Kakau, kuma ita da kanta ta sha ba shi kunu da cokali yana zuba ta gefen baki. Ta dubi mijinta a kan gado, ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

To, Maman Debby ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Washegari ta sayo wata 'yar ƙaramar tukunya, ta ce daga yau wannan ta Baban Debby ce. Babu gishiri ko ƙwaya, babu dunƙule, mai ma sai dai ta nuna wa tukunyar kwalbar daga nesa. Ita da 'yarsu Debby suna cin miyar gida, shi kuma a ajiye masa tasa a gefe. Albert mutum ne marar hayaniya. Ya kai loma, ya tauna a hankali, ya haɗiye da ruwa.

"Maman Debby, wannan miya ce ko wankin kwano?"

"Lafiyarka ce. Ci."

Ya ci kwana biyu. Daga nan sai ya fara dawowa daga aiki yana cewa ya ƙoshi. Mutumin da tun aurensu bai taɓa tsallake tuwonta ba, yau wai ya ƙoshi! Ba a jima ba ta gano dalili a wajen wanki, ɗigon manja ne a gaban rigar aikinsa, ja jawur. Ashe wajen wata mai abinci yake tsayawa a bakin kamfani, inda ake zabga gishiri ba tausayi. Ranta ya ɓaci har ta zauna kan turmi ta yi kuka. Kishi ya ci ta, amma tsoron ya fi yawa, domin ta gane ƙaramar tukunyarta ta kore shi zuwa ga abin da zai kwantar da shi.

Da yamma ta ɗauki tukunyar a gabansa ta kife a bayan ɗaki.

"Na haƙura da zancen asibitin nan," in ji ta. "Ka sha maganinka, mu ci tukunya ɗaya kamar da."

Albert ya washe baki, ya cinye malmala biyu. Bai san an shirya masa ba.

Abin da ta yi shi ne, ta fara yi wa hannunta sata. Wannan mako ta dumbuzo kamar kullum, sai ta bar kaɗan ya zube cikin gwangwani kafin ta watsa. Mako na gaba abin da ke zubewa ya ƙaru. Dunƙule ma haka, guda ya koma ɓari, ɓari ya koma gutsure. Wurin da suka bari kuwa dole a cike shi, sai ta tafi wajen Dije mai daddawa a kasuwa, tsohuwar da ta daɗe tana yi mata gori.

"A'a, yau Maman Debby ce a rumfata? 'Yan birni an tuna da mu?"

"Dije, bar tsiya ki zaɓo mini mai kyau."

Ta koma girkin uwarta, ta ƙara da dabarunta. Ta soya albasa a hankali har ta yi zaƙi. Ta daka citta da tafarnuwa. Yakuwa ta kawo tsami, gauta ta kawo ɗan ɗaci, harshe ya samu abin yi har ya manta da abin da ya rasa. Wake ta daina jefa masa kanwa, sai ta jiƙa shi tun safe ya nuna da kansa. Alayyahu da ta saba yankawa ta wanke ta matse har ruwan ya fito kore ta zubar, yanzu sai ta wanke shi tukuna, ta yanka, ta zuba daf da saukewa, don nas ta ce amfanin ne take zubarwa a kwata. Gwaten acca ya dawo gidan, ya ture farar shinkafa gefe. Debby ce kaɗai ta lura gwangwanin gishiri ya daina ƙarewa, ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta watsa mata harara, ta rufe.

Wanda ya fi kowa shan wahala a gidan ita ce. Ita ce mai son gishirin tun asali. Sau da yawa ta lasa tafin hannu, hannun dama ya nufi gwangwani da kansa, sai ta buge shi da na hagu ta ce, "Kai, zauna!"

Watanni suka wuce. Albert yana shan maganinsa, yana share kwano, rigar aiki tana dawowa fes. A asibiti nas ta gwada shi ta ce a ci gaba da abin da ake yi. Albert ya bugi ƙirji a hanya ya ce, "Kin gani? Magani ne kawai. Da kin kashe ni da ruwan kwanon nan a banza." Ta ce gaskiyarsa.

Amma abin ya biyo ta har coci. Harshenta ya canza ba ta sani ba. A wani biki ta dafa babbar tukunya, ta lasa, ta ji daidai, jama'a kuwa suka ji lami. Aka fara raɗa cewa hannun Maman Debby ya mutu, tsufa ya zo. Da ranar Godiya ta matso, shugabar Zumunta ta ja ta gefe, cikin ladabi, ta ce bana ta huta, wata 'yar Zumunta, Eunice, za ta riƙe tukunya. Damaris ta ce ba komai, amma ya yi mata ciwo ƙwarai. Tana iya faɗin dalili, sai dai maganar da ta shiga Zumunta da safe takan isa kunnen Albert kafin azahar. Ta karɓi yankan kabeji da aka ba ta.

Ranar Godiya aka fito harabar coci, aka jera kujeru, dafa-dukar Eunice tana ta yawo a faranti. Mutane suna ci suna yabo, wasu har da lasar cokali. Damaris na zaune kusa da mijinta, tana kallon ƙasa. Albert ya kai cokali ɗaya baki, ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya nemi ruwa.

"Kai! Wa ya juye buhun gishiri a cikin abincin nan?"

Bai iya raɗa ba, Albert. Layi guda aka juyo ana kallonsa. Wani dattijo ya ce shi bai ji komai ba, abinci ya yi daidai. Albert ya sake gwadawa don kada ya yi wa Eunice rashin adalci, ya girgiza kai, ya tura farantin ƙarƙashin kujera. Ya karkato wajen matarsa.

"Maman Debby, su fa ba su iya ba. Akwai sauran gwaten jiya a gida?"

Ta ja bakin gyale ta goge ido, ta ce hayaƙin murhu ne.

"Akwai," in ji ta. "Tashi mu je in ɗuma maka."