Ranar da Bamba Ta Sauke Kawu

A warshar Kawu, wato garejinsa na gyaran mota, babu kujera ko ɗaya. Ba rashi ba ne, shi ya hana. Cewa yake kujera ce ke koya wa mai gyaran mota lalaci, wanda ya gaji ya zauna a bambar mota, in ta gasa shi zai tashi da kansa. To haka muke yi. Bayan La'asar in an kawo shayi, kowa ya nemi bambar da ta yi masa ya ɗora jiki. Motocin yanzu ba sa zaunuwa, bambarsu roba ce. Amma tsofaffin motocin Amurka, irin waɗanda aka ƙera tun Ummata tana goye, bambarsu benci ce sosai, mutum uku za su zauna har a sami wurin ajiye kofi.

Wata biyu ke nan da zuwana wurin. Kafin nan na yi gidan burodi a unguwar Sharafiyya, nan cikin Jidda, sati uku. Na yi dakon bandir na yadi a Bab Makka, na yi wankin mota, na yi raba ruwa gida-gida. Makaranta kuwa tun ina aji biyu na tsakiya na ajiye jaka ban koma ba. Yawanci ba korata ake yi ba, ni ne dai ƙafata za ta fara ƙaiƙayi, in wayi gari in ji ba zan iya sake ganin wannan ƙofar ba. Da Umma ta gaji, da kanta ta kai ni wurin ƙaninta, can kudu wajen Madinar Masana'antu. Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce:

"Aiki ɗaya nake so ka fara ka gama da hannunka. In ka gama, kai ɗan warsha ne. In ka gudu, ko ka ɓata ka ɓoye, halas, shi ke nan, kar ka sake tako mini nan."

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a karon farko a rayuwata ba na son barin wuri. Ina son ƙarar guduma, ina son warin fenti, ina son yadda mota ke shigowa a lotse ta fita tana sheƙi. Amma wata biyun nan shara da miƙa sufana kawai nake yi, aikin da aka ce zan fara in gama bai zo ba.

Sai ga Injiniya. Mutumin Kaduna ne, aikin kwantiragi ya kawo shi Jidda, kuma duk wani ɗan hutunsa a kan wata tsohuwar mota ja wur yake ƙarewa, mai ƙofa biyu, doguwar gaba kamar jirgin ruwa. In ya tada ta sai kwanon rufin warsha ya amsa. Ranar Asabar yakan kai ta filin tsere can bayan gari. Ya ce wa Kawu gaban motar ya yi nauyi, in ya sha kwana sai ta riƙa jan hanci waje. So yake a cire ƙarafan da ke riƙe da bamba, waɗanda muke ce wa hannaye, da katon ƙarfen da ke kwance a bayanta, a ƙera na alminiyum a madadinsu.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Injiniya, mota mai injin nan kamar raƙumi, ita za ka sa wa rijim, wai ta rame? Kai ka fara rage tuwo mana, ai nauyin ɗaya ne."

"Mu'allim, ni madam ta hana ni ramewa. Motar dai."

Kawu ba ya son alminiyum. A wurinsa abin tukunya ne da taga. Ina jin shi ya sa ya waiwayo ya ce, "Kai, ɗan Yaya, ga aikinka. Yalla, maza."

Injiniya ya zana mini komai a takarda, kauri da tsawo da inda za a huda, ya rubuta wata lamba a sama ya ja mata layi biyu. Ya ce wannan lambar ita ce irin alminiyum ɗin, a falle yake zuwa mai kauri, ya riga ya yi oda, kwana uku zai iso. Na ce to.

A ranar na kwance bambar. Notin sun ci tsatsa, damshin tekun Jidda ba ya barin ƙarfe lafiya, sai da na jiƙa su da mai na bi su da wuta. Da ƙarfen baya ya fito, ni kaɗai na kasa ɗaga shi, sai da na ja shi a ƙasa kamar buhun shinkafa. Kafin Azahar na gama. Na tsaya ina kallon motar ba haƙora, ina lissafin kwana uku. Kwana uku! Ni da ko jiran shayi ya huce ba na iya yi.

A bayan warsharmu akwai masu haɗa tagogi da ƙofofin alminiyum. Guntayensu jibge a bakin ƙofa, farare tas, wasu har da kauri. Na tsaya a kansu na ce wa kaina, alminiyum ai alminiyum ne. Na roƙi 'yan guntaye, suka ce kwashe, dama sun tare musu hanya. Kawu ya fita neman fenti. Na yanka, na huda, na lanƙwasa, kuma wallahi lanƙwasawar ta zo da sauƙi har na riƙa yaba wa hannuna. Ban tambayi kaina me ya sa ta zo da sauƙi ba. Washegari kafin La'asar bamba ta koma mazauninta, layinta daidai da fitilu, na goge ta har ina ganin haƙorana a ciki.

Niyyata in an gama shan shayi in kira Kawu in ce zo ka gani, aikin kwana uku na yi a ɗaya da rabi. Na tafi wanke hannu a famfo. Ina dawowa na ga Kawu ya ɗauki kofinsa ya nufi jar motar. Ya ga bamba a jiki, bai yi tunanin komai ba, shekara nawa yana zama a kan irinta. Ya zauna. Na buɗe baki ke nan sai ga maƙwabcinmu mai facin taya, wani dattijo ɗan Damagaram wanda in ya shiga ƙaramar mota sai ta karkace. Ya ce, "Matsa mini, Mu'allim," ya ɗora nasa.

Ba ta karye ba. Da ta karye ma da sauƙi. A hankali ta fara sauka, kamar raƙumin da aka ce ya durƙusa. Kawu yana cikin ba da labarin tsadar fenti, ya ga gwiwoyinsa suna tahowa wajen haɓarsa. Bai daina magana ba sai da ɗuwawunsa ya taɓa siminti. Kofin na hannunsa a sama, ko ɗigo bai zuba ba. Dattijon kuwa ya mirgina gefe yana salati, hularsa ta gangara ƙarƙashin wata mota.

Sai dattijon, yana kwance, ya ce, "Mu'allim, ni ne ko kai ne?"

Warsha ta fashe. Masu tagogi suka leƙo, mai shayi ya ajiye buta ya riƙe bango. Kawu ma ya yi dariya har hawaye, yana zaune a ƙasa. Ni kaɗai ban yi ba. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya leƙa bayan bambar, ya sa yatsu biyu ya lanƙwasa hannun da na ƙera kamar murfin gwangwani. Har da ɗan ramin da ake zura gilashi a jikinsa.

"Taga ka sa wa motar mutane?"

Ƙafata ta fara abin nata. Na fita kamar zan je famfo, na wuce famfo, na wuce masu tagogi, sai ga ni a bakin babban titi ina kallon motocin da ke tafiya Sharafiyya. Na san yadda ake yi, na yi sau huɗu. Ka hau mota, ka kashe waya, ka ce wa Umma wurin bai karɓe ka ba. Bas ta tsaya, direba ya yi mini hon. Na ji muryar Kawu a kaina, in ka gudu. Kuma can baya ina jiyo su har yanzu suna dariya, dattijon yana ta maimaita maganarsa. Sai na ji haushin a ce ana wannan dariyar ba ni a ciki. Na ɗaga wa direba hannu ya wuce.

Da na koma Kawu bai tambaye ni ina na je ba. Wayarsa ya miƙo mini. "Kira Injiniya. Kai ka ɓata, kai za ka faɗa."

Injiniya ya iso bayan an tashi daga aiki, rana ba ta faɗi ba. Na gaya masa komai a tsaye, ban rage ba. Ya ɗauki guntun ya jujjuya, ya ce, "My friend, ka san da ba su zauna ba, da a filin tsere za ta faɗo ƙarƙashin tayata?" Ya ga fuskata, sai ya sassauta. Ya ce alminiyum iri-iri ne kamar itace, akwai na taga mai laushi don ya yanku da sauƙi, akwai wanda aka gasa ya yi tauri, kuma lambar da ya ja wa layi biyu ba ado ba ce. Ya juya wajen dattijon ya ce, "Baba, kai ka ceci raina, me zan saya maka?"

"Kujera," in ji shi.

"A warshata? Sai bayan raina," in ji Kawu.

Saura kwana biyu fallen ya iso, kuma su ne suka fi komai wuya. Don kar ƙafata ta sami sarari, na nemi kwali na riƙa yanka siffar hannayen, in gwada a jikin mota, in gyara, in sake yankawa. Na yi kwali bakwai kafin ɗaya ya zauna ba tangarɗa. Duk wanda ya shigo warsha sai an ba shi labari, wasu har ƙwanƙwasa bamba suke kafin su zauna suna kallona. Sunana ya koma Mai Taga. Na daina jin haushi, har ni ma ina kwaikwayon yadda Kawu ya riƙe kofi.

Da fallen ya zo na gane bambancin tun a hannu. Wannan ba ya lanƙwasuwa da fatar baki. Yanka ɗaya sai da na canza faifan injin yanka, hudawa kuma sai ana ɗiga mai a hankali. Inda ake buƙatar kusurwa ban lanƙwasa ba, guda biyu na haɗa, muka kai wa mai waldar alminiyum a layin gaba ya ɗinke, ina tsaye a kansa. Injiniya ya nuna mini wani abu da ban taɓa ji ba. Ya ce a garin nan mai gishiri a iska, in alminiyum ya manne da ƙarfe kai tsaye, cin juna suke, sai ka ga farin gari yana zuba. Don haka na shafa fenti a mahaɗar, na sa siririyar roba a tsakani, sannan na ɗaure noti. Kwana biyu na yi ina aikin da a da na yi a yini ɗaya.

Kafin a ɗaura, Kawu ya ɗauki sabon ƙarfen bayan da hannu ɗaya. Ya dubi tsohon da ke jingine a bango, ya sake duban na hannunsa. Ya sa shi a abin matse ƙarfe ya danna da duk ƙarfinsa, bai motsa ba. "Uhm," ya ce. A bakin Kawu wannan dogon jawabi ne.

Asabar da safe Injiniya ya zo ɗaukar mota, ya ce in shigo. Muka fita wani faffaɗan titi bayan ɗakunan ajiyar kaya, ba kowa sai tantabaru. Ya sha kwana biyu uku yana murmushi shi kaɗai, sannan ya tsaya ya fito ya ce in karɓa. Na shiga na kama sitiyari. Ni ban san yadda take a da ba, ban taɓa tuƙa ta ba, amma da na karya kwana sai hancin nan dogo ya bi ni kamar ya san inda za ni. Na ɗan taka totur, kujera ta manne mini a baya, na yi ihu ban san na yi ba. Injiniya yana dukan dashbod yana cewa, "Ka ji ta? Ka ji ta?" Na ce na ji, ko da yake rabin abin da nake ji zuciyata ce.

Muka dawo, ya sauke ni, ya ce wa Kawu abokinsa yana da irinta baƙa, zai kawo ta jibi. Kawu ya ce, "Ga mai aikin nan, da shi za ku yi magana." Ya faɗa yana goge hannu, ko kallona bai yi ba.

Na shiga tattara guntayen kwali. Ina sunkuye na ji ya kira waya, kuma Kawu ba ya iya magana a waya a hankali.

"Yaya, ina kwana. Lafiya lau yake, ga shi nan yana shara. A'a, bai yi komai ba. To, ya yi, amma ya gyara. Ki daina ajiye masa abincin rana, a nan zai riƙa ci da mu. Eh, kullum."

Ban ji abin da Umma ta ce ba, amma ta daɗe tana faɗa, Kawu yana ta amin, amin. Da ya kashe ya ce, "Mai Taga, kawo ma'auni. Baƙar nan sai ka auna ta sau biyu kafin ka taɓa komai."