Ɗaurin Harami da Hannu Ɗaya

A duk shekarun da na yi ina aikin murshidi, wato jagoran alhazai, babu ranar da ta zauna mini a rai kamar takwas ga Zulhajjin da aka ba ni tantin 'yan Zamfara a Mina. Ku sababbin shiga kuna zaton aikin nan ɗaga tuta ne da tsayuwa a bakin bas. Ni ma da haka na fara.

A ƙa'ida, in alhazai sun iso daga masaukinsu na Aziziyya, murshidi zai zagaya ya tabbatar kowa ya ci ya sha, domin washegari ake tsayuwar Arfa, kuma wanda ya shiga zafinta da busasshen jiki ɗaukarsa ake yi. A zagayen la'asar na lura da wani dattijo, Alhaji Mamman, tsohon direban tirela, hannunsa na hagu a shanye. Robobin ruwansa na jere a gefen katifa, ko murfi bai buɗe ba, leɓɓansa duk sun tsattsage.

"Baba Alhaji, ga ruwa," na ce.

"Na ƙoshi, ɗana."

Na kai maganar ga mushrif ɗinmu, shugaban tantunan, Abu Faisal. Bai ja ta ba. "In bai sha moya ba kafin magariba, halas, asibiti. Ya yi Arfarsa a motar marasa lafiya." Gaskiyarsa ce, amma raina bai so ba. Mutum ya jira wannan rana tsawon rayuwarsa, ya ƙare yana leƙen Arfa ta taga?

Ina komawa na tarar ya miƙe, yana tafiya kamar an yi masa dabaibayi. Nan na duba zanensa na harami. An ɗaura masa shi ƙafafu a haɗe, ya matse cinyoyi, bakinsa na jan ƙasa, an caccaka masa fil, ga bel mai wuyar ɓallewa. Ban ga laifin wanda ya ɗaura ba. A ƙasar Hausa namiji ba ya ɗaura zane, sai ka ga babban mutum ya riƙe harami yana jujjuya shi. Mu haihuwar Makka da futa muka tashi, zanen da maza ke ɗaurawa a cikin gida, tun muna yara hannunmu ya saba.

Na ja shi bayan tanti, na rage murya. "Baba, banɗaki ne?"

Ya kawar da kai. "In na kwance, wa zai ɗaura mini? In tsaya a bakin ƙofa, jama'a na layi, ina kiran wani ƙato ya zo ya rufa mini asiri? Gara ƙishirwar."

Tausayinsa ya kama ni, amma na san in na nuna, na rasa shi. Na aro wani zanen, na cusa hannuna na hagu a aljihu, na ce yau ni ma hannu ɗaya gare ni. Gwajin farko zanen ya zube ƙasa. Ya yi dariya. "Kai ne malamin?"

Muka yi ta gwadawa har muka gano hanya. Za ka ware ƙafafu faɗin kafaɗa, don in ka gama ka samu wurin taku da na tsugunno. Ka ɗago zanen har ƙirji, ka danne gefe ɗaya da jikin bango, ka jawo ɗayan ka ninka, sannan ka riƙa naɗe bakin sama zuwa ƙasa har ya zauna daram a saman cibiya. Naɗin shi ke riƙewa, shi ke kuma gyara tsawo. Bakin zanen ya sauka tsakiyar ƙwauri: in ya fi haka tsawo a take shi a cunkoso, in ya gaza gwiwa ta fito. Wanda ya ɗaura haka ba sai ya kwance ba, ɗagawa kawai zai yi.

Ya yi da kansa, ya warware, ya sake. Na kama zanen na finciko da ƙarfi, bai motsa ba. Ya tsuguna, ya miƙe, ya dubi ƙwaurinsa. Sai ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba, na sa masa roba, ya shanye ta tas.

Washegari a Arfa, rana na dukan ƙeya, na hango shi ya fito daga layin banɗakuna shi kaɗai, zane a miƙe, yana taku irin na mai hanya. Ya wuce ta gaban Abu Faisal, ya nufi inda mutane ke tsaye suna addu'a, ya ɗaga hannunsa ɗaya. Wallahi na ji daɗi, kuma har yau ina alfahari da wannan yinin fiye da duk wani yabo da aka yi mini a aiki.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanenmu za su jure yunwa da ƙishirwa, amma ba za su buɗe baki su faɗi abin da suke jin kunyarsa ba. In dattijo ya ce maka ya ƙoshi, kada ka tsaya gardama da shi. Dubi yadda yake tafiya.