Ranar da Aka Yi wa Dokin Kawu Allurar Barci

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Kankiya daga ƙauyenmu na gefen Kusada, ni da kawuna, ina jaye da dokinsa. Dokin nan shi ne ƙafafun kawu tun da gwiwoyinsa suka gaza. In babu shi, babu Juma'a, babu zumunci. Ga shi ƙari ya fito masa a ƙasan ciki, majayin sirdi ba ya ɗauruwa, sai an kai shi wurin likitan dabbobi ya cire. Aron jaki kawu ya yi, yana tafe yana hararar jakin kamar shi ya jawo ciwon.

Da muka hau kwalta sai sababbin motoci ke ta wuce mu, an ce arzikin fetur ne. A tasha kam ban ga alamarsa ba, don ƙosan ma ƙanƙancewa ya yi. Furar wata Bafillatana ce ta cece mu.

Da muka isa, likitan dabbobin ya sa aka baza ciyawa a gindin tsamiya. Ya laluba jijiyar wuyan dokin, ya zura allura. Can sai ƙafafu suka fara lanƙwashewa, ƙartin da ke riƙe da shi suka sassauta igiya, doki ya kwanta a hankali. Kawu ya saki salati, don a saninsa dokin da ya miƙe haka ya tafi ke nan. Likita ya kama hannunsa ya ɗora a haƙarƙari, ya ce, "Baba, ji, numfashi yake."

Ana yanka, ana ɗinki, dabbar da ƙuda ke sa ta harbi ko kunne ba ta kaɗa ba!

Ashe farkawar ce abin tsoro. Likita ya ce in haske ya firgita shi ya zabura, sai ya karya ƙafa, a rufe masa ido maza. Muna waige-waigen tsumma, kawu ya warware rawaninsa. Ni da na girma a gidansa ban taɓa ganin kansa a bainar jama'a ba. Ya lulluɓe fuskar dokin, ya durƙusa yana shafa wuyansa: "Kwanta abinka, ga ni nan, ban tahi ko'ina ba." Da maganin ya sake shi, doki ya yunƙura, ya yi tangaɗi, ya tsaya. Hawaye na yi, ban ɓoye ba.

Kwana muka yi, muka juyo gida sannu a hankali, doki na bin kawu a baya. Na je kallon ikon allura, na kuwa gani. Amma abin da na dawo da shi shi ne, girman da mutum ba zai iya tuɓewa don abin da yake ƙauna ba, kaya ne kawai a kansa.