Ɗan Farantin Uwar Kicin

Uwar Kicin ake ce mata, don ta tsufa tana dafa wa ma'aikatan masaƙa abinci. Mace ce mai baki, ba ta barin ko ta kwana. In ka yaba girkinta da cewa ya cika ciki, sai ta harare ka: "Ruwa ma yana cika ciki. Nawa gina jiki yake!" A wurinta, abinci mai gina jiki shi ne wanda in ka ci yau, gobe a ga shaidarsa a jininka.

Bayan ta bar aiki, ciwo ya kwantar da maigidanta, tsohon direba. Likita ya ce sai tiyata, amma ba za a taɓa shi ba sai jininsa ya ƙaru. Shi kuwa ko ƙamshin miya ba ya son ji. 'Yan dubiya suka yi ta jibgo lemo da biskit, ƙanwarsa kuma ta cika tire ta dire masa. Da ya ga tulin, sai ya juya wa bango fuska.

Tsoro fal ranta, wallahi, amma ta san mutuminta. Tunda suka yi aure bai taɓa rasa abin kushewa a girkinta ba. Ta ɗauko ɗan farantin da take ɗanɗane da shi a masaƙa, ta zuba wake da hanta, cokali biyu.

"Malam, ba ci za ka yi ba. Ɗanɗana min, gishiri ya ji?"

Ya kai baki, ya yamutsa fuska. "Salam, ba gishiri! Ke hannunki ya mutu ne?"

Ta koma ta barbaɗa kaɗan, ta ƙaro. Da gangan take rage gishirin. Yau ƙwai, gobe kifi da ganye, yana mita yana lashe faranti, ita tana haɗiye zagin da a da sai ta rama ninki biyu.

Ranar da nas ta duba sakamako ta ce jini ya kai, Uwar Kicin ta yi hamdala. Aka yi aiki lafiya, aka sallamo shi.

Da ta shigo da ɗan farantin, ya kalle ta ƙasa-ƙasa.

"Ke, na gaji da ɗanɗane. Sa gishirinki yadda kika iya, ki zubo a babban kwano."

"Au, ashe ka sani?"

"Tun cokalin farko."

Ta nufi kicin tana dariya, tana share ido da gefen zane.